Takalman Mai Katifa

"Kawu, ku zo ku taya ni mu kwantar da shi!"

Auta ce ta ƙwala mini kira daga shagon mahaifinta. Na yar da basilla da takalmin da ke hannuna, na tsallake 'yar kwatar da ta raba shagona da nasa. Na tarar da Mai Katifa zaune a kan buhun auduga, ya dafe gwiwoyinsa da hannu biyu, baki buɗe, kafaɗunsa suna hawa suna sauka. Ƙarfe tara na safe ba ta yi ba, amma gumi ya jiƙa masa riga sharkaf.

Ta janyo wata sabuwar katifa ta shimfiɗa a ƙasa. Muka kama shi, ita hannu ɗaya ni hannu ɗaya. Bayansa bai kai ga katifar ba ya zabura, ya damƙi wuyan rigata har maɓalli ya tsinke.

"Kada... ku kwantar... da ni."

"Baba, ku huta mana, ko numfashin zai daidaita."

"Ruwa... kamar... ina nutsewa."

Auta ta ɗauko abin shaƙarsa, ɗan shuɗin nan da ba ya rabuwa da aljihunsa, ta sa masa a baki ta danna. Ta sake dannawa. Ta ce tun asuba wannan ne karo na shida. Ƙirjinsa yana ta fito yadda ya saba, sai dai a ƙarƙashin fiton akwai wani gurgurar da ban taɓa ji ba. Ya yi tari, ya tofar a ƙyalle, na ga kumfa mai ɗan ja-ja. Na riƙe hannunsa na ji shi sanyi ƙalau.

"Nemo mota," na ce mata. "Yanzu."

Shekara ashirin da shida muna maƙwabtaka da Mai Katifa, a shago da kuma gida, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ni gyaran takalmi nake yi, shi yana ɗinka katifa da matashin kai. Yana ce mini Sarkin Dunduniya, ina ce masa Sarkin Ƙura, kullum sai mun yi faɗa a kan audugarsa da ke tashi ta manne mini a gam. Asma kuwa tun yana saurayi yake da ita, ƙurar sana'ar ce ta ba shi. Duk layin an san fiton ƙirjinsa. In ta tashi, sai ya shaƙi abinsa sau biyu, ya zauna a bakin ƙofa minti goma, ya koma ya ci gaba da ɗinki yana zagina. Mun saba, har ba ma ɗaga kai. Sabo kuwa turken wawa ne, ranar nan na yarda.

A cikin tasi na zauna kusa da shi a baya, ina tallafe da shi a zaune. Auta tana gaba tana ta ce wa direba ya yi sauri, shi kuma yana ta danna hon a kan wata motar siminti da ta tare hanya. Ni idona yana ƙasa, a kan takalmansa. Baƙaƙen sau-ciki ne na fata, da safa, dogon wandonsa ya sauko ya rufe idon sawu. Bai taɓa fita da silifa ba, yana cewa mai sana'a ba ya jan ƙafa a titi. Ya lura da inda nake kallo. Duk da halin da yake ciki, sai da ya matse mini hannu ya girgiza kai.

A sashen gaggawa mutane sun cika benci har ƙasa. Aka ɗora shi a keken marasa lafiya, wata nas mai jan biro a gashinta ta tare mu a bakin ƙofa, kati a hannu.

"Me ke damunsa?"

"Asma ce," in ji Auta. "Tun kafin a haife ni yake da ita."

"Ya shaƙi maganinsa?"

"Sau shida, bai yi ba."

Nas ta kara abin sauraro a saman ƙirjinsa, ta ji fiton, ta gyaɗa kai ta rubuta. Ban ga laifinta ba. 'Yar mutum ta ce asma, ƙirji yana kukan asma, ga layi a bayanmu har da mai jini a goshi. Ta tura keken ciki, na bi su, sai ta sa hannu ta tare ni.

"Mutum ɗaya. Kai wane ne nasa?"

"Maƙwabcinsa."

"To maƙwabci ya jira a waje, Baba."

Ƙofar ta rufe. Tana da ɗan gilashi a tsakiya, faɗin tafin hannu biyu, nan na liƙa fuskata. Na ga sun ɗora shi a gado sun ɗaga masa baya kaɗan, sun rufe masa hanci da baki da wata roba mai fitar da tururin magani. An yafa masa zane daga ƙugu zuwa ƙasa. Takalman suna ƙafarsa, bakinsu kawai ya leƙo daga ƙarƙashin zanen. Ba wanda ya kalle su, don ba ƙafa ya kawo ba.

Ni kaɗai a duk asibitin na san abin da ke cikin takalman nan.

Sati uku kafin ranar ya kawo mini su, ya ce fatar ta tsuke. Na ce fatar da ta shekara shida a ƙafa ba ta tsukewa, sai dai in mai ita ne ya fara cin amanar abinci. Muka yi dariya. Na jiƙa su, na cusa musu katakon buɗa takalmi suka kwana biyu, ya karɓa ya ce sun yi. Bayan kwana goma ya dawo da su. Wannan karon na ce ba zan yi aikin kintace ba, ya ɗora ƙafar a kan akwatina in auna. Ya yi ta nuƙu-nuƙu, sannan ya cire safa. Ƙafar ta cika fam, tana sheƙi, idon sawu ya ɓace. Na danna babban yatsana a ƙwaurinsa don in riƙe ma'auni, da na ɗaga sai ga rami, ya zauna bai taso ba.

"Ka gani," ya ce yana dariya, "irin katifar da audugarta ta mutu. Tsayuwa ce, Sarkin Dunduniya. Tsufa ne da tsayuwa."

"Auta ta gani?"

Dariyar ta ɗauke. Auta malamar makaranta ce, ita kaɗai ta rage tare da shi tun rasuwar mahaifiyarta, kuma ta daɗe tana neman dalilin da za ta rufe shagon ta zaunar da shi a gida.

"In ta gani, gobe za ka ga kwaɗo a ƙofar nan. Ni kuma in na zauna a gida mutuwa zan yi. Ka yi mini alkawari, tsakanina da kai."

Na yi masa. Ba ma alkawarin ne ya fi ci mini rai ba. Na tsaga gefen takalman biyu, na sa musu ƙarin fata mai laushi da roba mai miƙewa, na ɗinke da baƙin zare, na goge har ba ka gane inda aka taɓa. Aiki ne mai kyau. Na yi ta juya su a hannu ina jin daɗin kaina. Da takalman sun ƙi shiga, da dole ya fito da silifa, da duk layin sun ga ƙafar a rana ɗaya. Ni na ɓoye ta, da hannuna da gwanintata.

Ta gilashin na ga tururin ya ƙare. Bai samu sauƙi ba. Ya tura kansa gaba yana neman zama sosai, leɓɓansa sun yi duhu, Auta tana shafa masa baya tana waige-waige. Nas ta duba ɗan abin da ta maƙala masa a yatsa, ta ɓata fuska, ta fara zuba wani maganin a robar za ta maimaita. Wata likita ta matso daga gadon da ke gefe tana cire safar hannu, yarinya ce ƙarama, da ƙyar in ta girmi Auta. Ta ɗauki katin tana karantawa.

Na ce a raina, kai baduku ne, me ka sani a aikin likita? Za ka shiga ka ba da kanka, su kore ka, kuma ka karya amanar shekara ashirin da shida a banza. Wata zuciyar ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ana cikin haka wani ma'aikaci ya turo gadon turawa zai fita, ƙofar ta buɗe, na bi ta gefensa na shige.

"Baba! Na ce a waje!"

Ban ko kalle ta ba. Na tsaya a ƙarshen gadon. Mai Katifa ya ɗago ido ya kafe ni da su ta saman robar. Na san kallon, na kawar da kai.

"Likita, don Allah ku cire masa takalmi."

"Me ya sa?"

"Ni nake gyara masa su. Sau biyu na buɗa su cikin sati uku. Ƙafar ce take kumbura. In ka danna, ramin ba ya tasowa."

Na zaci za ta yi tsaki. Sai ta ɗaga wa nas hannu alamar ta dakata da maganin, ta yaye zanen da kanta. Takalmin ya ƙi fita. Na ce ta bari, na sa yatsa ta inda na san robar take na zare shi, sannan ɗayan. Da aka cire safa, bakinta ya bar zobe mai zurfi a naman. Kumburin ya wuce inda na bar shi, ya hau har kusa da gwiwa. Auta ta toshe baki da hannu.

Likita ta danna ƙwaurinsa, ta ƙirga a ranta, ta ɗaga. Ramin ya zauna. Ta juya masa fuska gefe ta duba wuyansa, ni ma na gani, jijiya ta taso kamar igiya har kusa da kunne. Ta sunkuyar da shi gaba, ta kara abin sauraro a bayansa, ba sama ba, can ƙasa kusa da ƙugu, dama da hagu, ta daɗe tana ji. Sannan ta koma ƙirji ta gefen hagu ta rufe ido.

"Da matashi nawa yake kwana?" ta tambayi Auta.

"Huɗu. Kwanan nan ma biyar, kusan a zaune."

"Da can fa?"

"Ɗaya." Auta ta dubi mahaifinta. "Likita, sana'arsa ce. Ba ya sayar da sabon ɗinki sai ya kwana a kansa ya ji yadda audugar ta zauna. Na zaci gwaji yake yi."

"Yana farkawa cikin barci yana neman iska?"

"Yana buɗe taga," na ce. "Ina jin ƙararta ta katanga."

"Ya yi zazzaɓi kwanan baya? Mura, ciwon jiki?"

"Sati biyar ke nan," in ji Auta. "Kwana huɗu ya yi, ya sha magani ya tashi. Ya ɗan yi ƙorafin ƙirji, muka ce tari ne."

Likita ta juya ga nas, maganarta ta koma gajere-gajere. A zaunar da shi sosai, ƙafafu su sauko. A cire tururin a sa oksijin. A kawo allurar da ke fitar da ruwa, a sa ta jijiya. A jawo na'urar awon zuciya, a kira masu hoton ƙirji su zo nan, ba za a motsa shi ba. Kafin ka ce me, mutum huɗu sun kewaye gadon, ana manna masa wayoyi a ƙirji. Ta waiwayo ta dube mu.

"Yana da asma, gaskiya ne, amma ba ita ce ta kawo shi yau ba. Zuciyarsa ce ta gaza tura jini yadda ya kamata, ruwa ya taru a ƙafa, yanzu ya hau huhu. Huhu mai ruwa ma yana fito, shi ya sa suke kama. Ku fita ku ba mu wuri."

A baranda Auta ta tsaya nesa da ni. Takalman suna hannuna, na rasa inda zan ajiye su.

"Kawu, sati uku."

Na sunkuyar da kai ina kallon takalman.

"Kullum ina wucewa ta gabanku in gaishe ku. Kullum. Kuna amsawa kuna tambayata ya 'yan makaranta."

"Ya sa ni na yi alkawari."

"Alkawari." Ta share ido da bakin mayafi. "Da gidanmu kuka ga yana cin wuta, ya ce ku yi alkawari, sai ku yi?"

Kunya ce ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun da na girma. Muka zauna a benci ɗaya, tsakaninmu wurin mutum biyu, muna kallon ƙofar. Duk wanda ya fito sai mu miƙe tare. Sai wajen ƙarfe ɗaya likita ta leƙo ta ce numfashin ya fara sauka, ruwan yana fita. Amma ta ce kada mu saki jiki. Ga alama zazzaɓin nan ne ya taɓa naman zuciyar ya kumbura, ta yi rauni ƙwarai, bugunta kuma ba ya tafiya daidai. Kwanakin da ke gaba su ne abin tsoro.

Na bari Auta ta shiga, sannan na tare likita.

"Da an kawo shi ranar da na fara ganin ƙafar fa?"

Ta dube ni, ta dubi takalman.

"Da mun fi samun abin yi, Baba. Fiye da haka ba zan ce ba, don ban sani ba. Amma da ba ku shigo ɗazu ba, da mun ɓata lokacin da ba shi da shi."

Ta ba ni rabi ta riƙe rabi, kuma na san ba ta yi mini ƙarya ba.

Washegari da yamma na same shi a ɗakin masu ciwon zuciya, a jingine, siririyar robar oksijin a hancinsa. Fuskar ta faɗa, amma idanun nasa ne. Auta tana gefe tana ɓare masa lemo. Ta gaishe ni a taƙaice ba ta ɗago ba.

"Ga maci amana," ya ce, muryar a dishe.

"Ga mai taurin kai."

"Na ba ka sirri, ka kai shi kasuwa. Gaban mata, har da cire mini safa."

"Safar ma wari take yi."

Ya fara dariya, tari ya tare shi, muka jira har ya lafa. Sannan ya daki matashin da ke bayansa da gwiwar hannu.

"Taɓa ka ji. Soso ne. Wanda ya ɗinka wannan ko a lahira ba na son maƙwabtaka da shi. Na sa Auta ta kawo mini nawa." Ya yaye zane ya nuna mini ƙafafunsa. Sun saɓe, fatar ta yi yaushi, ga idon sawu ya dawo. "Ka gani? Yanzu takalman da ka lalata mini sai su yi mini kwale-kwale. Ka je ka mayar da su yadda suke. Da su zan fita daga nan, ba zan taka titi da silifar asibiti ba."

"Sai an sake awo."

"To auna mana, me kake jira?"

Ba ni da ma'auni, sai na zare zare daga aljihu na zagaya bayan ƙafarsa, na ƙulla a inda ya haɗu. Ina sunkuye ya sa hannu a kafaɗata, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda Auta ba za ta ji ba.

"Ni na sa ka. Kada ka ɗauki kayan da ba naka ba."

Na ce masa ya rufe mini baki yana ɓata mini awo, don in na ce wani abu daban kuka zan yi.

Kwana na uku na buɗe shago da wuri. Na ajiye duk aikin mutane gefe, na ɗauko takalmansa. Warware ɗinki ya fi yin sa wuya, musamman in kai ka yi shi kuma ka yi shi da kyau. Na bi zaren ɗaya bayan ɗaya da bakin basilla don kada in yaga tsohuwar fatar, na cire ƙarin da na sa, na haɗe bakin, na gwada da zaren awon nan mai ƙulli. Shagonsa yana rufe, iska ta tara 'yar auduga a gindin ƙofar. Rabon da in yi aiki gam ɗina bai kama ƙura ba har na manta, kuma ban ji daɗin hakan ba ko kaɗan.

Na gama na dama wajen sha ɗaya da rabi. Ina cikin na hagu, na kai rabi, sai inuwa ta rufe mini haske. Na ce wa mai inuwar ya matsa, ban ɗago ba. Bai matsa ba.

Auta ce. Tana rungume da matasan kai guda biyu, nasa, masu shuɗin yadi. A hannunta ɗaya ga leda, na hango abin shaƙar nan a ciki da hularsa.

"Ƙarfe goma da 'yan mintoci," ta ce. "Yana cikin yi wa nas tsiya a kan shayi. Likita ta ce bugun ne ya rikice gaba ɗaya. Sun yi ta ƙoƙari, Kawu, ina tsaye. Sun daɗe suna yi."

Na yi salati. Na ce Allah ya ji ƙansa. Ta zauna a kan bencin da masu jiran gyara suke zama, a daidai inda ya zauna ranar da ya cire mini safa. Ta ɗora matasan a cinya ta kifa fuska a kansu. Mota ta wuce, mai sayar da ruwa ya wuce yana kiran ruwa. Can ta ɗago ta ga abin da ke hannuna.

"Nasa ne?"

"Saura kaɗan."

Ta daɗe tana kallon takalmin, zare yana lilo a gefensa.

"Ku ƙarasa," ta ce. "Zan jira."

Na sa zare a basilla, sai a karo na uku ya shiga. Na ɗinke sauran, na ƙulle, na yanke. Na shafa musu baƙin mai na goge da burushi har suka ɗauki ido. Sannan na miƙe na jera su a kan kanta, a layin takalman da aka gama suna jiran masu su, bakinsu yana kallon titi.